Neman kalmar Hausa: me za mu kira "beta tester"?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar zan yi wa yaranmu masu koyon haɗa manhaja bayani a nan Gombe, kuma da Hausa zan yi don rabinsu turancin sai a hankali. Tsarin da muke so shi ne duk wanda ya haɗa manhaja, kafin a yarda a raba wa sauran mambobi sai wasu sun sauke ta a wayoyinsu sun yi kwanaki suna aiki da ita, su gaya mana inda take maƙalewa, ko tana shan caji, ko tana neman izinin shiga lambobin waya da hotuna ba gaira ba dalili. Ba biyansu za a yi ba. Dama ko a Google Play tun ƙarshen 2023 sabon asusun mutum ɗaya ba ya sakin manhaja sai an yi gwajin kwana 14, da mutum 20 ake nema, yanzu an dawo da shi 12. To su waɗannan mutanen me zan kira su?

Ɗan Wunti: Ka ce testa kawai mana Yaya, kowa zai gane.

Ɗan Bolari: A'a ƙanina, testa ai ta mai gyaran wuta ce, wadda ake dangwala wa waya ta kawo jar wuta.

'Yar Tudun Wada: Masu gwaji. In kana so ka nuna ba biya, ka ce masu gwaji 'yan sa-kai.

Ɗan Kumo: Hajiya 'yan sa-kai ɗin nan yanzu in aka faɗa, mutane masu bindigar toka na Zamfara suke hangowa. Iyayen yara za su tsorata wallahi.

Malamin Azare: Ku saurara. Beta harafi na biyu ne na Girkanci, bayan alfa, wato zagaye na biyu na gwaji. Mu kuma Allah ya ba mu bita, komawa kan abu a sake duba shi. Sauti ya zo ɗaya, ma'ana ta zo kusa. 'Yan bita. Na daɗe ina amfani da ita da ɗalibaina.

'Yar Tudun Wada: Allah gafarta malam, 'yan bita ai waɗanda suka je taron ƙara wa juna sani ne, har da kuɗin mota suke jira a ƙarshe.

Malamin Azare: Manhaja fa? Da tsarin karatun makaranta take nufi, yau ga shi har gidajen rediyo suna kiran abin cikin waya da ita, wa ya mutu? Kalma tana ɗaukar sabon kaya in an ɗora mata. Matsalarku sai an ce daga Kano kalma ta fito sannan ku karɓa.

Ɗan Wunti: Nan kam malam ya faɗi gaskiya. Kullum ana mana dariya wai mu 'yan Bauchi ba mu raba mace da namiji a magana, muna cewa mota na, amma Hausar dai tamu ce mu ma.

Ɗan Kumo: Ba wanda ya kawo zancen Kano a nan sai ku. Ni da Fulatanci na tashi kuma ban jin wani ya fi ni iko da Hausa. Zakaran gwajin dafi fa?

'Yar Tudun Wada: Haba, kana roƙon mutum ya taimaka kyauta kuma ka ce masa zakaran gwajin dafi? Wa zai ba da wayarsa?

Ɗan Bolari: Jama'a Asabar fa jibi ce. Bari in nuna muku irin aikin. Wani yaronmu ya haɗa manhajar lissafin bashi ta masu shago, a wayarsa lafiya lau take gudu, da ƙanwata ta sa a ƙaramar itel ɗinta sai rubutun ya hau kan juna, tana danna ajiye ta rufe kanta, sau uku. Ita ta gano, ba ta san komai a harkar kwamfuta ba, kuma ko sisi ba ta nema ba. Irin ta nake son in ba suna mai mutunci.

Baba na Herwagana: Ɗana, abin da ka faɗa ai gayya ce. A gona in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai ya kira gayya, kowa ya zo da fartanyarsa, ba lada sai fura da godiya, gobe shi ma ya je wa wani. Nan kowa da wayarsa zai zo. Gayyar gwaji.

'Yar Tudun Wada: Baba wannan ta zauna. Aikin shi ne gayyar gwaji, mutanen kuma masu gwaji, shugabannin da ke yanke hukuncin a saki ko a mayar su ne masu tantancewa.

Malamin Azare: Gayya ta yini ɗaya ce, wannan kuwa kwana 14. Kuma beta ɗin ta ɓace gaba ɗaya a ciki.

Ɗan Bolari: Na gode Baba, na gode Hajiya. Zan tafi da gayyar gwaji da masu gwaji, zan kuma faɗi ta turancin sau ɗaya don su gane ta in sun gani a Play Store. Malam zan ambaci taka a wurin mu ji abin da yaran za su ce.

Malamin Azare: To shi ke nan. Ni dai a ajina 'yan bita zan ci gaba da cewa.