Motar lantarki ko ta fetur: wacce ta fi tsafta, wacce ta fi sauƙin riƙewa?

Mai_Neman_Shawara:

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 maganar motocin lantarki ta yi yawa, har an fara ganinsu jefi-jefi a tituna. Tambayata biyu ce. Shin da gaske sun fi na fetur tsafta, ko dai an ɗauke hayaƙin ne daga salansa aka mayar da shi tashar wuta da ramin haƙar ma'adinan batir? Sannan ga mai zama a Kano, da ke yin kamar kilomita 40 a rana cikin gari, sai Kaduna ko Abuja sau ɗaya a wata, sayenta riba ne ko sayen wahala da kuɗi? Don Allah masu sanin abin a taimaka da lissafi, ba ji-ta-ji-ta ba.

Malamin_Makamashi:

Wa alaikumus salam. Malam, zan ɗauki ta farko.

Kowace lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana fitar da iskar kabon mai nauyin kusan kilo 2.3. Mota irin Corolla da ke shan lita 8 a kilomita 100 tana zuba kilo 18 da ɗoriya a sama. Motar lantarki mai irin girmanta tana cin kilowat-awa (wato yunit ɗin wuta na mita) 15 zuwa 20 a wannan nisa. Mu ɗauki 17, mu ƙara kashi 10 cikin ɗari da ke ɓacewa wajen caji, ya kama 19.

To daga ina 19 ɗin nan ta fito? A nan maganar take. Mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin iskar gas take, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Idan aka haɗa su, kowace kilowat-awa tana ɗauke da abin da bai wuce rabin kilo ba. Ke nan kilo 8 zuwa 9 a kilomita 100, rabin na fetur ko ƙasa da haka. Idan kuma da sola aka yi cajin, hayaƙin tafiya ya kusa zama babu.

Amma motar lantarki da bashi take fitowa daga masana'anta. Haɗa batir mai kilowat-awa 60 yana fitar da tan 4 zuwa 6 na kabon, abin da motar fetur ba ta da shi. Tunda tana rage kusan kilo 10 a kowane kilomita 100, sai ta yi wajen kilomita 40,000 zuwa 60,000 kafin ta biya bashin. Ga mai kilomita 40 a rana, shekara uku zuwa huɗu ke nan. Duk abin da ya biyo baya riba ce.

Zargin ma'adinai ba ƙarya ba ne. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an sha samun yara a ramukan haƙa na gargajiya. Sai dai batir iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. NMC yana da nikel da kobalt. LFP, irin wanda kamfanin BYD na China ke sa wa yawancin motocinsa, ba shi da ko ɗaya daga ciki, ya fi jure zafi, kuma ba ya saurin kama wuta. Ga yanayin Arewa, LFP nake fifitawa.

Masu kawo misali da Norwe, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, su riƙa faɗin ɗaya rabin: wutarsu kusan duka daga ruwa take kuma ba a ɗauke ta. Habasha ma da ta hana shigo da motocin fetur da dizal na hawa a 2024, da babbar madatsarta ta kogin Nilu take taƙama.

Mai_Haɗa_Sola:

Malam ya gama da muhalli, ga na aljihu da na waya.

Idan layin unguwa Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta, kuɗin wuta ya haura naira 200 kowace kilowat-awa tun watan Afrilun 2024. Mu ce 210. Sau 19 ya ba da kusan naira 4,000 a kilomita 100. Fetur kuma, mu ɗauka naira 900 lita, lita 8 naira 7,200. Ragi naira 3,200, ko 5,000 idan motar tana shan lita 10 a cunkoso da AC a kunne. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai tsira da naira 480,000 zuwa 750,000. Ɗauki bambancin farashin saye, ka raba da wannan adadi, zai faɗa maka shekara nawa za ka jira. Ga ɗan tasi mai kilomita 200 a rana, lissafin ya ninka sau huɗu zuwa biyar, shi ya sa abin ya fi yi wa masu haya amfani fiye da ma'aikacin ofis.

Caji a gida hanya biyu ce. Cajar da ke zuwa da mota, ta soket, tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3. Kilomita 40 na buƙatar kusan kilowat-awa 8, awa uku da rabi ke nan. Cika batir mai 60 daga ƙasa kuwa ya fi awa 24. Kada a yi wannan da doguwar waya ta kasuwa ko soket mai araha, domin jan wuta na awanni babu tsayawa yana narkar da roba. A ja layi nasa daban daga akwatin rarraba wuta. Hanya ta biyu ita ce cajar bango mai kilowat 7, tana jan amfiya 32. Tana son wayar tagulla mai kauri 6mm, bureka tata ita kaɗai, da na'urar yanke wuta idan ta yi yoyo, irin wadda ke gane yoyon DC, wato wuta irin ta batir. Kafin nan a duba ko mitar gida da wayar da ta sauko daga falwaya za su ɗauka.

Abu biyu ne ke yawan sa caja ta ƙi aiki. Na farko rashin wayar ƙasa ta kirki. Gidaje da yawa an sa ramin ta a soket amma ba a binne sanda ba, caja tana ganin haka sai ta nuna jar fitila. A kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi, a auna ta. Na biyu raunin wuta: idan tiransifoma ta yi nauyi da yamma, ƙarfin ya faɗo ƙasa da 200V, wasu cajoji suna yanke kansu. A sa na'urar kariya daga hauhawar wuta kuma, saboda cajar da ke cikin motar tana da tsada, ba a samunta a Sabon Gari kamar fiyus.

Sola ita ce ta fi dacewa da Arewa. Fanel mai wat 550 yana ba da kilowat-awa 2 zuwa 2.5 a rana, don haka fanel huɗu na ƙari sun ishi kilomita 40. Sharaɗi shi ne inbata ta kai 5kVA, a rage caja zuwa amfiya 8 ko 10, kuma a yi caji tsakanin hantsi da la'asar. Idan motar tana ofis da rana, sai an yi da dare, za ta zuƙe batirin gida tas kafin asuba. A lokacin hunturu a riƙa wanke fanel duk mako, ƙura tana cin kaso mai yawa.

Batun Abuja: a gudun 110 zuwa 120 da AC, cin wuta yana haura kilowat-awa 20 a kilomita 100, batir mai 60 zai ba da kilomita 260 zuwa 290. Kaduna kusan 230 ce, za ta kai da ƙyar. Abuja ta haura 400, sai da tabbacin wurin caji a hanya, kuma a tabbatar tun kafin a bar gida.

Bakaniken_Haibirid:

Alhaji, idan ta hannu za a saya, batir za a saya, mota kyauta ce a kai. A nemi adadin lafiyar batir, SOH, da na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota, ba da bakin dillali ba. Ƙasa da kashi 80, a rage kuɗi sosai ko a haƙura. A duba bambancin ƙarfin ƙwayoyin batir ɗin lokacin da caji ya yi ƙasa, domin ƙwaya ɗaya mai rauni tana jawo dukansu.

Tsohuwar Nissan Leaf tana da araha, amma batirinta ba shi da ruwan sanyaya, iska kawai. A garin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Afrilu, tsufansa na sauri ne. Layuka 12 ne a allo, na farko yana ɓacewa idan lafiya ta sauka zuwa kusan kashi 85. A nemi mai sanyaya batir da ruwa.

A kula da bakin caji. Ta Amurka Type 1 ko CCS1 ko na Tesla, ta Turai Type 2 da CCS2, ta China GB/T, Leaf kuma CHAdeMO wajen caji mai sauri. Adaftar caji na gida tana da sauƙi, ta mai sauri tana da tsada kuma ba kullum take yarda ba. Motar gwanjon da ambaliya ta taɓa, ko kyauta ce a bar ta. Ruwan gishiri a cikin batir yana iya tayar da gobara bayan makonni.

Gaskiya ne babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki kuma yana daɗewa tunda injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta batir. Amma taya da shokoba suna shan wuya saboda nauyin ya fi da kilo 200 zuwa 400. Batir yana ƙarƙashi, babban tudun rage gudu ko dutse zai iya lotsa shi. Ƙaramin batir mai 12V yana nan, idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. Kwamfiresan AC na lantarki ne, mansa na musamman ne wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa. Mai gyaran AC ya zuba na motar fetur, sai kwamfuta ta ga yoyo ta kulle motar. Wayoyi masu launin lemu suna ɗauke da kusan 400V, kada mai wayarin da bai koya ba ya kai hannu. Idan ta tsaya a ɗora ta a mota, kada a ja ta da igiya tayoyi na juyawa.

NMC a riƙe cajinsa tsakanin kashi 20 da 80, kada a bar shi a cike a rana. LFP yana son a cika shi ɗari sau ɗaya a mako don allo ya riƙa faɗin gaskiya.

Ra'ayina, wanda motarsa ɗaya ce kuma ba shi da sola ko Band A, haibirid, mai haɗa injin fetur da na lantarki, ta fi masa. Prius ko Corolla haibirid lita 4.5 zuwa 5 take sha a kilomita 100, kusan rabin hayaƙin ya tafi, babu neman soket. Fankar sanyaya batirinta kawai za a riƙa share wa ƙura.

Mai_Neman_Shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: ranar da babu wuta, a yi caji da janareta?

Malamin_Makamashi:

Na gaggawa kawai. Ƙaramin janaretan fetur yana ba da kilowat-awa 1.5 zuwa 2 a lita. Kilowat-awa 19 za ta ci lita 10 zuwa 13, fiye da lita 8 da Corolla za ta sha a wannan nisa, a kuɗi da a hayaƙi. Babban na dizal yana ba da kusan 3 a lita, lita 6 da ɗan wani abu, kowace lita kilo 2.7, ya kama kilo 17, kunnen doki da fetur. Wannan ya shafi tashoshin caji ma: kafin a biya, a leƙa bayan gini a ga abin da ke ba su wuta. Kuma janareta da yawa caja ba ta karɓarsu sai an haɗa wayar niyutiral da ta ƙasa, aikin da mai wayarin da ya san abin zai yi, sannan a rage ja zuwa amfiya 8 kada injin ya shaƙe.