Me zan sa wa yaron nan a koko maimakon sukari?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 7 ya fara yawan ƙyafta ido da ɗaga kafaɗa, wani lokacin ya yi ta gyaran murya, kuma ba da son ransa ba. Likita ya duba shi ya ce ba farfaɗiya ba ce, motsi ne da jijiyoyi ke yi da kansu, "tik" ya kira shi. Ga shi dama madarar shanu da gyaɗa ba sa karɓarsa, sai ƙuraje. Ni dai a ganina ranar da ya sha alewa da lemon kwalba abin ya fi tashi. Ina so in janye masa sukari, amma koko ba zaƙi ko kallonsa ba ya yi.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Ki nemi zuma farar saƙa wajen wanda kika yarda da shi, don ta kasuwa wata narkakken sukari ce kawai aka ɗura a kwalba.

Maman Ilham: Amin. Ni mazarƙwaila nake kankare wa nawa a kunu, ta wajen Maƙarfi. Ruwan rake ne aka dafa ya daskare, ba a tace shi ba.

Anti Nas: Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya, zuma ba ta da na biyu, amma a yi mini haƙuri in faɗi abu ɗaya: zuma da mazarƙwaila duk jiki sukari yake ɗaukarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawararta ta 2015 ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ake so a rage. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuwa ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 a yini, wajen cokalin shayi shida ke nan. Yawancin lemon kwalba, guda ɗaya ya cinye wannan kason. Sai a kula da ƙannensa, jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko lasa ce.

Maman Khalifa: To Anti, sukarin ne ke jawo ƙyafta idon?

Anti Nas: Bincike bai tabbatar da haka ba. Shi wannan motsi ɗabi'arsa ce ya tashi wasu makonni ya lafa wasu, sai uwa ta ɗora laifi a kan abin da yaro ya ci jiya. Yakan fara tsakanin shekara 5 da 7, ya fi tsanani wajen 10 zuwa 12, da yawansu kuma yana raguwa in sun tasa. Abin da aka sani yana tayar da shi gajiya ce, rashin barci, fargaba da ɗoki. Ki duba, ranar alewa da lemo ai yawanci ranar biki ce ko sallah, ga hayaniya ga kwanan dare. Ni da za ki ji tawa, lemo mai kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, da shayi da goro zan fara cirewa, sai alewa mai kala. A 2007 an yi bincike a Southampton ta Ingila aka ga wasu kalolin abinci, irin su tartrazine mai ruwan ɗorawa, na ƙara wa wasu yara rashin natsuwa. A kan ƙiriniya aka yi shi, ba wannan motsin ba, amma ba abin da yaro zai rasa don ya bar su. Ki cire abu ɗaya ki jira mako biyu ko uku kina rubutawa, kada ki kwashe komai rana guda yaro ya rame.

Hajiya Inna: Haka ne. Kuma a daina ce masa "bari, bari". Jikana da ake tsawata masa ƙaruwa abin ya yi.

Ummu Sadik: Dabino fa? Ki samu busasshe na Nijar ko na Dutse, ki fasa ki duba ciki saboda ƙwari, ki jiƙa a ruwan ɗumi har ya yi laushi, ki markaɗa da ruwan jiƙon. Cokali ɗaya a koko ya wadatar. Kada ki tace, dusar ce amfaninsa. Sai dai yana maƙale wa haƙori, a wanke baki. Nunanniyar ayaba da garin ɗorawa ma suna yi.

Maman Ilham: Kunun aya da dabino ma, amma na gida. Masu sayarwa wasu na zuba madara, ke kuwa naki ba ya sha.

Amaryar Zaure: Ni an ce mini stevia, wai ganye ne.

Anti Nas: Ganye ne asalinsa, amma na leda yawanci an haɗa shi da wasu abubuwa, sai an karanta jikin kwalin. Ga yaro mai ƙyamar abinci, a tambayi likitansa tukuna.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Da dabinon zan fara. Ummu Sadik, in na markaɗa da yawa kwana nawa zai yi?

Ummu Sadik: A firij kwana uku zuwa huɗu, in wuta ta tsaya. In ba ta tsaya ba ki jiƙa guda uku da daddare ki markaɗa da safe, don da zafin nan nan da nan yake tsami.