Shawarwarin da na samu kan duniyar labarina

Na tambayi mutane yadda zan tsara duniyar duwatsu da nake ƙirƙira, ga abinda na tsinta. Yawanci sunce in fara da girmanta, don in tayi ƙanƙanta kamar Mars cikinta zai huce da wuri, aman wuta ya lafa, iskarta ta tsiyaye. Kuma kar in cika mata iskar kabon, dubi Venus, zafi ya kai digiri 460.

Kan watan da zai dinga zagaya ta kam ansha musu, ni uku nake so amma wani yace babba ɗaya shike daidaita karkatarta kar yanayi ya rikice, in kuma ya matso da yawa ƙarfin janta zai farfasa shi ya koma zoben tarkace kewaye da ita. Wannan zoben fa ya tafi dani gaskiya.