Tambaya: yaya zan gane zakara da kaza tun suna 'yan tsaki?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji. Daga Yelwa nake, nan Bauchi. Na sayi 'yan tsaki 40, 30 nau'in kajin Noiler da wasu 10 da mai sayarwar ya ce nau'in Brahma ne, yau satinsu 6. Niyyata in bar matan don ƙwai, in rage mazan da wuri, saboda abincin nan ya fara fin ƙarfina.

Noiler ɗin da sauƙi. Waɗanda zankonsu ya girma ya yi ja, ƙafarsu ta yi kauri, suna yawan dambe da juna, na ware su a zakaru. Amma akwai wajen 7 da suka tsaya tsakiya, zanko ba babba ba, ba ƙarami ba.

Brahman ne suka rikita ni. Zankonsu a kwance yake, duk iri ɗaya nake ganinsu. Maƙwabcina ya ce in riƙe ƙafa in juyar da kai ƙasa, wanda ya yi ta fafutuka namiji ne. Na gwada, wanda ya fito namiji da safe, da yamma ya koma mace! Na daina, tausayinsu ma nake ji.

Sannan 3 daga cikinsu ƙafarsu fes take, babu gashi ko ɗaya, alhali Brahma da gashin ƙafa aka san shi. Gauraye ne ke nan?

Shin dole in jira wata 3, sai gashin wuya da na gindin wutsiyar zakarun ya yi tsini, ko akwai alamar da kuke dubawa kafin nan? Wanda ya taɓa kiwon Brahma don Allah ya taimaka.