Baka biyu sun kusa ja min asara: wa ya taɓa faɗawa ramin mesod?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Satin jiya na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Wata makarantar kuɗi ce a unguwarmu na rubuta wa ɗan shirin kwamfuta da yaren Python. A cikin shirin kowane ɗalibi yana da mesod (method, wato ɗan aikin da ke ɗaure da abu, wanda ake kira ya yi) mai suna `ya_biya`, mai duba rasit ya dawo da True ko False. Wurin fitar da katin jarrabawa sai na rubuta `if dalibi.ya_biya:`, na mance baka biyun ƙarshe, wato `()`. Shirin ko tari bai yi ba. Kati ya yi ta fitowa, har na yaran da tun farkon zango ko kwabo ba su kawo ba. Sai da mai karɓar kuɗi ya jera katuna gefe, rasitai gefe, ya ga lissafi ya ƙi, sannan ya kira ni da tsakar rana, cikin zafin nan namu na Sakkwato. Na sa `print`, sai ga `<bound method Dalibi.ya_biya of ...>` a allo. Ashe ban kira mesod ɗin ba, shi kansa na miƙa wa `if`, Python kuwa kullum True take ɗaukarsa. Ko akwai wanda irin wannan ta taɓa samu?

'Yar Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ni akasin naka ne ya same ni. Ina haɗa fuskar shirin shagon yayata da Tkinter, kayan haɗa taga da maɓallai na Python, na rubuta `command=self.ajiye()` a maɓallin ajiya. Ina buɗe shirin sai ya ajiye fom babu komai ciki, bayan nan in danna in danna, shiru. An riga an kira shi tun wurin gina maɓallin, None ɗin da ya dawo da shi ne aka ɗaura masa. Kwana biyu ina zargin linzamin kwamfuta, har na aro wani. Kai ka rage baka, ni na ƙara.

Malamin Arkilla: Ku biyun rami ɗaya kunka faɗa, ta baki daban. Ga yadda nika faɗa ma ɗalibaina. Mesod ba baka, lambar wayar ɗan kabu-kabu ce: kana iya aje ta, ka ba maƙwabci, ka rubuta ta ga takarda. Sa baka biyu shi ne buga mai waya ya taho. Ɗiyata, ke kin kira shi tun ba a tashi tafiya ba. Kai kuma ɗan Mabera, ka riƙe lamba kana zaton ka iso gida.

Abin da ya fi burge ni ga Python shi ne lambar ba ta mance mai ita. In ka ce `f = dalibi.ya_biya`, duba `f.__self__`, ɗalibin ne, `f.__func__` kuma aikin ne tsurarsa. Mu da munka fara da Python 2 har da wani unbound method munka sha fama, sai da Python 3 ta fito a 2008 anka kore shi.

Na Gawon Nama: Malam, Allah shi ƙara sani, amma ku 'yan Python gata gare ku. A JavaScript lambar mance mai ita take yi. Na ba `setTimeout`, mai kiran aiki bayan ɗan lokaci, mesod ɗin kwandon sayayya, lokaci na cika `this`, wanda ya kamata ya nuna kwandon, ya zama window, tagar burauza, jimilla ta fito NaN, wato ba lamba ba, a gaban mai aikin. Na gyara da `bind`, mai ɗaure mesod da mai shi, wanda ya shigo da ES5, bugun JavaScript na 2009. Murna ta koma ciki: na ɗaura wani a maɓalli da `addEventListener`, na zo cirewa na sake `bind`, ya ƙi cira. Kowane `bind` sabon fankshin yake haifarwa, wanda na ce a cire ba shi na ɗaura ba. Danna ɗaya, oda uku. Yanzu sau ɗaya nake yi in adana a suna, ko in bi ta kibiyar `=>` ta 2015.

Malamin Arkilla: Gatan bai kai yadda kake zato ba. Gwada `dalibi.ya_biya is dalibi.ya_biya`, False za ka gani. Duk taɓawa sabo aka ƙera maka. Da `==` ne suke daidai.

Baƙon Ruby: Dariya nake tun ɗazu. Da a ce da yaren Ruby ɗan Mabera ya rubuta, layin nan nasa daidai yake, don mu ko ba baka kira ne. Wahalarmu sai in mesod ɗin kansa muke so a hannu: `dalibi.method(:ya_biya)`, sannan `.call`.

'Yar Runjin Sambo: Duk da haka ba na rabuwa da abin. Jerin zaɓin shagon da `if` da `elif` goma sha biyu na fara shi. Yanzu ƙamus ɗaya ne: "1" na nuna `self.sayar`, "2" na nuna `self.karbi_kaya`, layi guda ya ɗauko ya kira. Da yayata ta ce a ƙara lissafin masu bashi, kafin ta gama ɗaure wa wata turaren wuta na gama.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai. Na mayar da `ya_biya` ya zama `@property`, yanzu ba baka ake karanta shi. Saura katuna da suka riga suka shiga hannun iyaye. Shugaban makarantar ya ce tunda ni na fitar da su, gobe da safe ni zan tsaya bakin ƙofa da littafin rasit.