Daga Abuja zuwa Zariya da kayan ɗaliba: jirgin ƙasa ko mota?

Mahaifin ɗaliba, Kubwa:
Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina so in raka ta da kaina, sai dai ba ni da mota, rabona da Zariya kuwa an kwana biyu. Kayanta sun haɗa da katifa, da babban akwati, da bokiti biyu, da buhun kayan abinci da mahaifiyarta ta ɗaure mata. Tunda tashar jirgin ƙasa ta Kubwa tana kusa da mu, shin mu bi jirgin ne, ko kuwa mu nemi mota?

Tsohuwar ɗalibar Samaru:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya sanya albarka a karatun. Jirgin da yake tashi daga Idu ya tsaya a Kubwa, wanda aka buɗe a 2016, iyakarsa Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186, ba ya ƙarasawa Zariya. Idan kuka sauka a Rigasa sai kun nemi tasi ko adaidaita sahu zuwa tashar Kawo, daga nan ne za ku shiga motar Zariya, wadda take da nisan kimanin kilomita 80. Ga mai 'yar jaka ɗaya a kafaɗa, jirgin ya fi kwanciyar hankali, kuma ana sayen tikitinsa ta intanet, amma mai katifa zai yi lodi da sauke kaya har sau uku, a kowane zango kuma sai an yi cinikin kuɗin kaya. Da ni ce, da na bar katifar da bokitan a gida na saya a kasuwar Samaru.

Ɗan kasuwa, Zuba:
Alhaji, ni dai mota nake ba ka shawara, tunda kayan sun riga sun haɗu. Ku yi sammako bayan sallar asuba ku je tashar Zuba, ku shiga motar da take kan layi a cikin tasha, domin tafiyar rana ta fi ta yamma a kan hanyar Kaduna, musamman tsakanin Jere da Rijana. Ka biya kuɗin kujera ɗaya saboda kaya, ya fi maka a tura buhun abinci ƙarƙashin kayan wani, man ja ya tsiyaye. Abin da nake so ka kiyaye shi ne, ka tambayi direban da bakinsa, ba ɗan kamasho ba, ko Zariya zai kai ku kai tsaye. Na taɓa tare mota a bakin titi saboda araha, muna isa Kaduna direban ya sayar da mu ga wata tsohuwar bas, ya karɓi rabonsa ya juya, muka zauna cikin rana da kayanmu a ƙasa har la'asar kafin ta cika.

Malamin makaranta, Gwagwalada:
Malam, akwai tambayar da ba a yi maka ba: wane fanni za ta karanta? Jami'ar, wadda aka kafa a 1962, ba a wuri ɗaya take ba. Babbar harabar tana Samaru a kan hanyar Sakkwato, tsangayar shari'a kuwa tana Kongo ta wajen Tudun Wada, kuma daga Kwangila, inda yawancin motoci suke sauke fasinja, hanyoyin biyu suke rabuwa. Idan ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka jami'a kawai, Samaru zai nufa da kai.

Mahaifin ɗaliba, Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Shari'a za ta karanta, ashe da mun sauke kaya a Samaru. Mota za mu bi ranar Litinin in Allah ya yarda, maganar barin katifa kuwa na kai wa mahaifiyarta, ta ce ba ta yarda ba.