"Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba": da wa ake?

Baffa na Mai Wurno: Salamu alaikum jama'a. Ga ta yau. Mu dai mun taso muna jin ana yi wa mutum wannan magana, irin wanda ba ya leƙo gidanka sai da sammaci ko neman bashi. To ita tauraruwar, me ta yi mana?

Ɗan Gadarif: Wa alaikumus salam Baffa. A wurina camfi ne tsagwaronsa. Tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley ta bayyana a 1986, alhali fari da yunwar 1984 da 1985 sun riga sun gama da mu a nan Sudan. Curin ƙanƙara ne da ƙura, in ya kusanci rana ya ɗau zafi sai wutsiya ta fito. Tun 1705 Edmond Halley ya lissafa za ta dawo wajen 1758, ta kuwa dawo, yanzu kuma sai 2061.

Gwaggo ta Kasala: Ɗana, kada ka yi saurin wanke ta. A Yulin 1994 wata mai wutsiyar, Shoemaker-Levy 9, ta faɗa wa duniyar Mushtari (Jupiter) gutsure-gutsure, ta bar baƙaƙen tabo, wasu sun kai faɗin duniyar nan, aka yi watanni ana ganinsu. Da mu ta faɗa wa, wa zai rage ya ba da labari? Mutanen da ba su tsorata a banza ba.

Alaramma: Gwaggo, a raba abu biyu. Ta faɗo ta yi ɓarna, wannan sababi ne. Amma a ce ganinta ke sanar da mutuwar sarki ko zuwan fari, wannan ne ba mu yarda ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Ɗalibar Madani: Iyayena, ku bari in kawo ta gida. Ranar 7 ga Oktoba 2008 wani dutse daga sararin samaniya, mai suna 2008 TC3, ya tarwatse a saman hamadar Nuba, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mahaɗɗa Sitta, kan layin dogo tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. Shi ne na farko da aka hango tun yana sarari, aka faɗi inda zai faɗo. Ɗaliban Jami'ar Khartum suka jera sahu a rairayi suna tsintar baƙaƙen gutsattsarinsa. A ciki aka samu ƙananan lu'ulu'u, kuma a 2018 masana suka ce irinsu ba sa samuwa sai a cikin wata duniya da girmanta ke tsakanin na Uɗarid (Mercury) da na Mirrih (Mars), wadda ta farfashe tun farkon tsarin rana. Ni wannan baƙo alheri ya kawo mana.

Gwaggo ta Kasala: 'Yata, naki dutse ne, ba shi da wutsiya. Kuma ita waccan duniyar da ta farfashe, alheri ta gani?

Ɗan Gadarif: To Baffa, a daina faɗar ta ke nan?

Baffa na Mai Wurno: Ina! Ni na bi Alaramma a kan ta sama. Amma dillalin da ke zuwa gona ana gab da girbin dawa yana tuna maka bashin damina, shi kam zan ci gaba da yi masa ita.